Ka Tatse Ta

Litinin, 1 ga Satumba

Maman yara ta zame a bakin famfo jiya da yamma, wuyan hannunta na dama ya karye wuri biyu. Yau aka yi tiyata, aka sa ƙarfe. Babbar 'yarmu ce ke jinyarta, ta ce in an sallame su gidanta za ta wuce da ita, ya fi kusa da asibiti. Ni kuwa aka koro ni gida, wai in kula da awaki.

Guda huɗu ake tatsa. Shekara tara suna bayan ɗakina, ban taɓa sa hannu a hantsar ko ɗaya ba. Iyakata da su in rufe taga in sun dame ni ina rubutu. To, ina ƙoƙarin rubutu. Maƙwabciya ta rufa mana asiri jiya da yau, amma ta ce daga gobe ba za ta iya ba, sammako take yi zuwa wurin aiki.

An ba ni takarda. Uwar ta faɗa, 'yar ta rubuta, kafin a shiga da ita. Layi bakwai ne. Shida na safe, biyar na yamma. A wanke hannu. Ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta. Na biyar ya ce: "Ka fara da Gwaggo. Ka tatse ta." Gwaggo ita ce babbarsu, baƙa mai farin goshi, ita Maman yara ta fara saya, kuma ita ta fi kowa madara. Kafin in farga na gyara kuskure uku a takardar da jan biro. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rubutu a maɗaba'a, hannu ya riga ya saba.

Talata, 2 ga Satumba

Minti hamsin a kan akuya ɗaya. Na ja, ta yi tsalle. Na sake ja, ta tsoma ƙafa a bokiti. Ashe ba ja ake yi ba. A kama sama da babban yatsa da manuni, sannan a matse da sauran ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasa. Maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga da yamma ta nuna min da hannunta a iska, tana danne dariya.

Gwaggo tana min kallon wadda ta taɓa ganina a wani mugun wuri.

Laraba, 3 ga Satumba

Yatsuna ba sa riƙe biro. Ga uzuri ya samu.

Kamar da can ina rasa uzuri. Littafin da nake rubutawa yana shafi na tamanin da huɗu tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Telan da ke cikinsa ya bar shagonsa, ya je tashar mota, ya zauna a benci, yana nan zaune har yau. Yaran in sun zo hutu sukan tambaye ni, "Baba, motar ta zo?" Ina dariya tare da su, amma yana min ciwo. Ni dai na yi imani rubutu zuwa yake yi da kansa, ba a tilasta shi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wani ya taɓa gaya min akuya da ƙamshi take gane mai ita. Sai na ɗauko tsohon mayafin Maman yara da ke rataye a ƙofar ɗakin awaki na yafa, na zauna a kujerar tatsa na juya wa ƙofa baya. Ina cikin yi sai ga matar nan da ke zuwa karɓar madara kullum saboda ɗanta, wanda ta saniya ke sa wa ƙuraje. Ta ce, "Mama, har an sallamo ki?" Na waiwayo. Ta ce, "Au! Baba, sannu da aiki." Ta karɓi gorarta ta fita da sauri, na ji dariyar ta kufce mata a bakin ƙofa.

Gwaggo ba ta ruɗu ba. Ta tauna gefen mayafin dai.

Amma an samu ci gaba, rabin awa yau. Kuma na lura ni na fi Maman yara tausayi. Da zarar zaren madarar ya sirance sai in ƙyale baiwar Allah ta huta. Me ake yi da ƙure mai rai?

Asabar, 6 ga Satumba

An sallame ta. Yau ne karo na farko da muka yi magana sosai a waya, kwanakin baya magani ya sa ta barci. Lafiyata ta tambaya a gurguje, sannan ta bi awakin ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo fa? Ka tatse ta?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na ji kalmar. Ta ɗaga murya a farkonta, ta sauke a ƙarshe. Ni kuwa kwana huɗu ina karanta ta daga ƙasa zuwa sama. A takarda kalma ɗaya ce, haruffa biyar. A baki biyu ce. Tawa tatsa ce kawai, a samu madara. Tata kuwa har sai babu ɗigo ko ɗaya a ciki, bambancin "ka sha" da "ka shanye". Ni, da na ci abinci shekara talatin da ɗaya da kama kuskuren mutane!

Na gaya mata ina barin saura. Ta ce, "Malam, je ka taɓa hantsarta yanzu. Kada ka kashe wayar."

Na je. Gefen hagu zafi rau, ga tauri kamar ɗanyen mangwaro. Da na taɓa Gwaggo ta ɗage ƙafa. Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kira likita," ta kashe.

Lahadi, 7 ga Satumba

Likitar dabbobi ta zo, yarinya ce sa'ar autarmu. Ta yi allura, ta bar magani. Ta ce madarar da ake bari a ciki ce ta jawo ciwon, Gwaggo mai yawan madara ce, ba a yi mata ragi. Sau huɗu a rana za a riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, a tatse tas, a zubar da madarar. In aka yi sakaci gefen nan zai mutu, ba zai sake kawo madara ba har abada.

Ta tambaya wa ke tatsar. Na ce ni.

"Dama aikinka ne, Baba?"

"A'a, ni marubuci ne."

"Masha Allah! Wane littafi ka rubuta? Ina son karatu."

Na ce bari in kawo mata ruwan wanke hannu.

Litinin, 8 ga Satumba

Ƙanin Maman yara ya kira. Yana da gona a bayan gari, awaki fiye da talatin. "Yaya, kai da biro aka san ka. Bari in zo da mota in kwashe su, ka huta, su ma su huta." Ya yi dariya, na taya shi don dole.

A gonarsa ba a tatsa, na nama yake kiwo. In suka je can cikin mako biyu za su ƙafe, aikin shekara tara ya tashi a banza. Ya sani, ita ma ta sani. Duk da haka ba ta ce masa a'a ba. Cewa ta yi ya bari sai ashirin da takwas ga wata, ta dawo ta gani da idonta. Wato ta gwammace su ƙafe lafiya a can da su lalace a hannuna.

Kunya nake ji. Ba wani suna da zan ba shi.

Laraba, 10 ga Satumba

Shida, goma, biyu, shida. Madarar gefen hagu rawaya ce, da gudaji-gudaji. Ina zubarwa a rami a bayan ɗaki. Gwaggo ta taka ni sau biyu, ban ga laifinta ba. Sauran ukun ma yanzu tas nake yi musu, na ji jiki.

Tsakanin ta shida da ta goma babu inda mutum zai je. In na shiga ɗaki barci zai kwashe ni. Sai na fito da littafin rubutu na zauna a kujerar tatsa a bakin ƙofarsu, ina jiran lokaci ya yi. Na rubuta rabin shafi. Ba mai kyau ba ne, zaman banza ne ya ishe ni.

Juma'a, 12 ga Satumba

Zafin ya ragu. Taurin yana nan. Shafi ɗaya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ta dawo. Ko ɗaki ba ta shiga ba, hannu a rataye a wuya ta wuce bayan gida. Awakin suka ɗauki kuka gaba ɗaya, har da ƙaramar da ba a fara tatsa ba. Ni mako biyu ina musu bauta ko kai ba sa ɗagowa in na shigo.

Da yamma ta jawo kujera ta zauna tana kallona. Da na gama da Gwaggo na miƙe, sai ta sunkuya ta sa hannun hagu. Tsirr. Tsirr. Zare biyu a ƙasa.

Ta ce, "Saura."

Shi ke nan abin da ta ce min a kan awaki yau.

Talata, 16 ga Satumba

Ta koya min abin da babu a takarda. In madarar ta tsaya ba ƙarewa ta yi ba. A ɗan tunkuɗi hantsar daga ƙasa yadda ɗan akuya ke yi da kansa, a shafa daga sama, a jira kaɗan, sai wata ta sauko. Sannan a bi da yatsa biyu har ƙarshe.

Ta ce, "Abin da ka bari a ciki yau, gobe ba za ta yi irinsa ba. Jikinta zai ɗauka ba a buƙata."

Na ce wannan magana ce ta rubutawa.

Ta ce, "Ba magana ba ce, hantsa ce. Duba gabanka, za ta taka bokitin."

Alhamis, 18 ga Satumba

Na makara da minti ashirin da biyar. Awakin suka tashi unguwa. Na fito a guje da takalmi wari-da-wari, na tarar da ita ta dafa ruwan ɗumin da hannu ɗaya ta ajiye a ƙofa. Ko kallona ba ta yi ba. Da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi.

Na mayar da agogo can ƙarshen ɗaki, inda sai na tashi tsaye zan kashe shi.

Lahadi, 21 ga Satumba

An koma sau biyu a rana, likita ta yarda ta waya. Amma na ci gaba da zama a bakin ƙofar bayan tatsar safe, jiki ya saba. Wasu ranakun shafi ɗaya, wasu biyu, ranar Juma'a layi huɗu kawai kuma duk na soke su. Ba wai abin ya zo ba ne, irin zuwan da nake jira. Zama kawai nake yi a lokacin, in ya tsaya in ɗan jira, sai wani ya sauko.

Telan ya tashi daga benci. Bai hau mota ba, ruwan sha ya je nema. Amma ya tashi.

Jiya da yau Maman yara ta sa hannun hagu bayan na gama. Jiya ɗigo uku. Yau ta matsa, ta sake matsawa, ta goge hannun a zaninta ta ce a kai wa ƙaramar dusa.

Laraba, 24 ga Satumba

Likita ta dawo dubawa. Taurin ya saki, madarar ta yi fari fat. Ta ce gefen ya tsira. Sai ta juya ga Maman yara ta tambaye ta ko na hagun ya kamo na daman wajen yawa.

Maman yara ta ce, "Tambaye shi. Shi ya san ta yanzu."

Na yi bayani, ina jin na wuce gona da iri. Cewa na hagun yana riga ƙarewa da kamar matsa goma sha biyar, cewa da safe ya fi sakin jiki, cewa ba ta son a taɓa ta da hannu mai sanyi, kuma in ƙaramar tana kuka takan riƙe madarar sai an yi shiru. Likitar tana ta gyaɗa kai tana rubutawa. Ba ta sake tambayar littafi ba, Allah ya yi mata albarka.

Na ji daɗi ƙwarai. Ranar da na yi ritaya an ba ni takardar yabo a cikin gilashi, manaja ya yi jawabi har ya kuskure sunana. Ban ji abin da na ji yau ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ƙaninta ya zo da akori-kura da igiyoyi. Ta ba shi shayi, ta bar shi ya gama labarin gonarsa kaf. Sannan ta ce, "Tun da ka ƙona mai, ka ɗebi takin nan da ke bayan ɗaki, buhu shida ne." Ya dube ni, ya dube ta. Na taya shi lodi da fara'ar da ban san ina da ita ba.

Amma da zai tafi na ji ta ce masa, "Ka bari a kwance hannun tukuna, mu ga." Ashe maganar ba ta mutu ba. Ban tambaye ta ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ta same ni a bakin ƙofar awaki da littafin a cinya. Ta ce, "Karanta min." Shekara talatin da shida da aure, ba ta taɓa cewa haka ba. Ko da yake ni ma ban taɓa samun abin karanta mata ba sai farko-farkon labarai.

Na karanta shafi tara. Telan ya hau mota, ya sauka a garin da bai san kowa ba, ya nemi aiki a shagon wani wanda bai kai shi iya ɗinki ba. Ta saurara har ƙarshe, tana sosa ƙarƙashin ɗaurin da tsinke.

Ta ce, "Yana da mata?"

Na ce yana da ita, an ambace ta a shafi na shida.

"To duk zaman nan da ya yi a tasha, wa ke buɗe shagon?"

Na ji haushi har bayan azahar. Da yamma na ɗauko shafi na shida na duba, ko magana ɗaya ban ba matar ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Babin matar telan. Shi ya fi duk sauran sauƙin rubutawa, ban san dalili ba. Na sani.

Talata, 14 ga Oktoba

Jiya aka kwance ɗaurin. Hannun ya rame, fatar ta yi fari. Likitan ƙashi ya ce yatsu biyu na ƙarshe za su daɗe ba su dawo ba, watanni, kuma ƙila ba za su dawo duka ba.

Yau da safe ta riga ni fita. Na tarar ta zauna a kujerar tatsa, ta wanke hantsar, ta kama. Gwaggo ta tsaya mata cak, ko motsi. Yatsun ne suka ƙi rufuwa. Madarar tana fitowa ɗis-ɗis tana bin hannunta zuwa gwiwa. Ta gwada, ta gwada. Sannan ta jingina goshinta a jikin Gwaggo.

Na tsaya a ƙofa da bokiti na biyu, na rasa inda zan sa idona. Can ta tashi ta ba ni kujerar. Tausayinta ya kama ni har na kasa cewa sannu.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ta ce ranar Lahadi za ta kira ƙaninta ya zo ya kwashe su. Ba don na gaza ba, ta ce, wannan ta faɗa sau biyu. "Da na wata shida ne da sai in ce ka daure. Wannan kuwa ba ranar ƙarewa. Ka yi ritaya ne don ka yi littafinka, ba don ka yi warin akuya ba. Ba zan ɗaure ka a turke ba, Malam."

Na ce to.

Me ya sa na ce to?

Asabar, 18 ga Oktoba

Magana ta fi sauƙi in mutum ya ba da baya. Ina tatsar Gwaggo, tana tsaye a bayana tana tace madarar bokitin farko da hannun hagu. Na ce kada ta kira shi.

Ta ce saboda me.

Na ce ba don awakin ba, kada ta ɗauka wani abu. Don littafin ne. Na lura in ban yi tatsa ba rubutun ba ya tafiya, wataƙila motsa yatsun ne, ko iskar safe. A bar su kawai har in gama littafin, daga nan sai ta yi yadda ta ga dama.

Sai na ji dariyarta, irin wadda rabon da in ji tun kafin faɗuwar.

"Har ka gama littafin? Ai kuwa sun samu gida har su tsufa."

Na ce wannan cin fuska ne. Ta ce in duba gabana. Da ta gama tacewa ta shiga ɗaki, na jiyo ta a waya tana cewa, "A'a, bar motarka. Akwai mai yi."

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ta tambaye ni ko a kai ƙaramar wurin bunsuru a watan nan ko a bari. Ni ta tambaya. Na ce a kai ta. Wata biyar ciki, sannan a fara koya mata tsayuwa a tatse ta, wannan ma aikin watanni ne.

Na duba abin da ya rage a littafin. Babi biyu ne, in aka ci gaba a haka ba zai kai ƙarshen wata mai zuwa ba. Ban gaya mata ba. Dama tun tuni nake ganin labarin nan ya fi ƙarfin littafi ɗaya.